Kuɗin Jirgin Malam

Edita ya nemi ɗalibai su rubuto abin da suka koya a wajen aji wanda zai amfani 'yan'uwa. Waɗansu sun rubuta labarin noma, waɗansu na wasanni, kuma duk sun kyauta. Namu labarin a zauren wani tsohon malaminmu ya faru, cikin farkon shekarar 2024, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa na fari a garinmu. Muna roƙon masu karatu su yi haƙuri su bi mu, don muna zaton akwai abin tsinta a ciki ga wanda zai riƙe alli gobe.

Malamin nan shi ya karɓe mu ran da muka ajiye allo muka shiga makarantar boko, muna rubutu daga dama zuwa hagu ana yi mana dariya. Shekara 35 ya yi yana koyar da labarin ƙasa, amma bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Kowace shekara sai ya rataye taswira, ya aza tsinin sanda a kan Masar, ya ce, "Ga Mashigin Suwez, an buɗe shi a 1869, tsawonsa kilomita 193, shi ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya." Sa'an nan ya gangaro da sandan zuwa Sawakin a ƙasar Sudan, ya gaya mana nan kakansa ya shiga jirgi zuwa Jidda, bayan ya keta Cadi da Sudan da ƙafa. In ya kai nan ya kan yi shiru kaɗan kafin ya ci gaba.

Da ya ajiye aiki, 'ya'yansa suka yi shawara su nuna masa abin da ya daɗe yana nuna wa mutane. Akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba kaya su ke ɗauka ba, ba kuma gaggawar kai mutum wani wuri su ke yi ba, aikinsu yawon buɗe ido. Kowane ɗaya kamar gari ne a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da ɗakin magani. Da dare su yi tafiya, da safe su tsaya a wata tasha, fasinja su sauka su ga gari, da yamma su komo. A wancan lokaci, cikin sanyin Turai waɗansunsu su kan yi aiki wajen Dubai, in sanyi ya wuce su koma Bahar Rum ta hanyar Bahar Maliya, tafiyar kamar mako uku. Wannan tafiyar komawa ita aka zaɓa wa Malam da Inna matarsa, cikin watan Afrilu na 2024, daga Dubai zuwa Italiya, ta tsakiyar Suwez.

Cikin watan Agusta na 2023 'ya'yan suka tara naira miliyan 2 da dubu 200, ɗaya ma sai da ta sayar da awakinta. Suka kai wa wani dillalin tafiye-tafiye a birni, ya canja su dala 2,400, ya biya kamfanin jirgi, ya ba su rasit da takarda mai lamba. Malam ya sa takardar nan cikin tsohon littafinsa na taswira, ba mai taɓa ta.

Ana nan, sai daga watan Nuwamba na 2023 mayaƙan Huthi na ƙasar Yaman suka shiga kai wa jirage hari wajen Babul Mandab, watau ƙofar Bahar Maliya ta kudu, wadda faɗinta bai wuce kimanin kilomita 30 ba. Masu jirage da yawa suka daina bin wurin, suka koma kewaya Afirka ta kudu, abin da ke ƙara wa tafiya kwana goma ko fiye. Cikin Janairu na 2024 kamfanin ya soke tafiyar Malam. Ba wanda ya ga laifinsa, don bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Allah ya taimaka ba a riga an sayi tikitin jirgin sama zuwa Dubai ba. Abin da ya rage shi ne a dawo da kuɗi, to, a nan gizo ke saƙar.

Babban ɗan Malam ya yi ta sintiri wurin dillali, yau a ce masa gobe, gobe a ce jibi. Daga baya dillali ya ce kamfani ba ya mai da kuɗi, sai dai ya ba da takardar alkawarin wata tafiya nan gaba. Ɗan ya kira ofishin kamfanin da wayarsa sau biyu, ransa a ɓace, ya yi ta faɗa da akawun da ya ɗauka har kuɗin wayarsa suka ƙare. Akawu ya ce ba shi da mai wannan suna a littafinsa, ba kuwa zai yi maganar ciniki da wanda ba shi ya yi cinikin ba.

Ran nan da la'asar muka je gai da Malam, muka tarar da shi zaune da littafin taswira a cinya. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya ce, "Yaro, an ce yanzu kai ma malami ne. To, ga aikin gida." Ya miƙo mana takardun. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, mu da ko kogin Kwara ba mu taɓa ƙetarewa ba, ina mu ina kamfanin jirgin teku?" Ya ce, "Ba iyo na ce ka yi ba, karatu na ce ka yi." Sa'an nan ya rage murya ya ce shi ba tafiyar ke damunsa ba, abin da ke hana shi barci awakin 'yarsa ne, da kuma yadda 'ya'yansa suka fara zargin juna a kan wanda ya kawo dillalin.

Muka ɗauki takardu muka tafi gida. Abin da muka fara yi shi ne abin da ba wanda ya yi tun farko, watau muka karanta su daga fari har ƙarshe. Sharuɗɗan kamfanin shafi ne bayan shafi da ƙananan baƙaƙe, cikin Turancin lauyoyi. Dare uku muka yi a kansu da ƙamus, muna binsu sannu sannu kamar yadda a ke bin sabon karatu a allo. A dare na uku muka sami abin da mu ke nema. An rubuta cewa in fasinja ne ya fasa, za a yanke masa wani abu, gwargwadon kusantowar ranar tashi. Amma in kamfani ne ya soke, fasinja ke da zaɓi, ko ya karɓi wata tafiya, ko a mayar masa da kuɗinsa duka. Ashe abin da dillali ya faɗa rabin magana ne.

Abu na biyu, da muka aza takardar tikiti kusa da fasfon Malam, sai muka ga dalilin da akawu bai same shi ba. Kowa ya san sunan Muhammadu kaɗai hanya huɗu ko biyar a ke rubuta shi da boko. Fasfo ya rubuta shi wata hanya, dillali ya rubuta wata, sa'an nan ya juya, ya mai da sunan uba sunan yanka. Mu a gida ba mu kula da wannan, don kowa ya san kowa. Amma na'urar kamfani ba ta san ɗan wane ba ne, baƙi ɗaya in ya sāɓa, a wurinta wani mutum ne dabam. Da tafiyar ta yiwu ma, da wuya a bar Malam ya hau jirgi da tikitin nan.

Sai muka zauna rubuta wasiƙa. Ta farko da muka rubuta shafi uku ce, mun zuba fushi, mun ba da labarin awaki, mun ambaci shekarun Malam 35. Da muka karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ta yi daɗin ji. Amma akawun nan wasiƙa ɗari ke gabansa. Me ka ke so ya yi maka?" Muka koma muka sāke. Ta biyu ba ta cika shafi ɗaya ba. Muka sa lambar tikiti a sama, da sunan jirgi da ranar tashi. Muka bayyana kuskuren suna, muka haɗa hoton fasfo da na rasit. Muka nuna lambar sharaɗin da ya ba fasinja zaɓi, muka ce Malam bai zaɓi wata tafiya ba, bai kuma wakilta kowa ya zaɓa masa ba, kuɗinsa ya ke so. Muka ƙara da cewa mun san a Turai akwai doka ta 2015 wadda ta ce in mai shirya tafiya ya soke, ya mai da kuɗi cikin kwana 14, ko da ya ke ba can muka saya ba, muna fata za a yi mana adalci irin wannan. Malam ya sa hannu, muka aika ta imel.

Mako guda ba amsa. Muka sāke aikawa, ba mu ƙara kome ba sai ranar da muka aika ta fari. Muka sami wani littafi muna rubuta kowace wasiƙa da ranarta, kowane kiran waya da abin da aka ce. Bayan kwana huɗu amsa ta zo cikin ladabi. Suka ce sun sami tikitin, sun gyara suna. Suka ce tun Janairu sun aika wa dillali ya tambayi fasinja zaɓinsa, shi ya amsa musu cewa fasinja ya yarda da wata tafiya. Tun da ga takardar fasinja da hannunsa, sun soke wancan, za su mai da dala 2,400, amma ta hanyar da kuɗin suka zo za su koma, watau hannun dillali. Muka roƙe su su sanad da mu ranar da suka biya, suka kuwa yi, cikin watan Maris.

Saura ƙulli ɗaya, shi ne mafi wuya. Da dillali ya ga takardar kamfani, bai yi musu ba, amma ya ce naira aka ba shi, naira zai mayar, miliyan 2 da dubu 200 cif. Masu karatu za su tuna cewa cikin Agusta na 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 1,000 ba ko a kasuwa, amma cikin Fabrairu na 2024 ta haye 1,500. Watau da an yarda, da ya riƙe rarar da ta fi abin da malamin firamare ke samu cikin watanni da yawa. Ɗan Malam ya ce sai kotu. Mu kuma muka ce akwai hukumar tarayya mai kāre haƙƙin masu saye, wadda aka kafa da dokar 2018, a kai mata ƙara. Malam ya ce, "A tukuna. A fara da dattawa."

Aka roƙi limamin unguwar dillalin ya zauna da mu. Muka shimfiɗa takardu a kan tabarma bi da bi. Liman ya tambaye shi, "Alhaji, kai ka sayi tafiyar nan ka sayar musu, ko aikenka suka yi?" Ya ce aike ne, an kuma biya shi ladansa dabam. Liman ya ce to ɗan aike ba shi da riba, ba shi da hasara, abin da aka dawo da shi na mai aike ne, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Dillali ya sunkuyar da kai. Daga nan ya faɗi gaskiya, ya ce ya zaɓi takardar alkawari ne don kada ladansa ya zube, bashi kuwa ya yi masa katutu saboda tashin dala. Malam ya ji tausayinsa, ya yafe masa ladan da ya riga ya ci, ya yarda ya biya dalar kashi biyu. Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Liman ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alkur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun hardace ta tun muna yara, amma sai ran nan muka ga aikinta da ido. Kafin damina ta faɗi kuɗi suka cika, aka mai da wa kowa rabonsa, 'yar Malam ta sayi awaki.

'Yan'uwa ɗalibai, cikin jadawalinmu akwai darasin rubuta wasiƙa, mun kuwa san yadda mu ke yi masa riƙon sakainar kashi, mu sa yara su rubuta wa abokin da babu shi labarin hutun da ba su yi ba. Yaran nan gobe su za su tsaya tsakanin iyayensu da banki, da asibiti, da kamfani, inda ba a san mutum ba sai takardarsa. Ya kamata mu koya musu su rubuta sunansu hanya ɗaya ko'ina, su karanta takarda kafin su biya, su adana rasit, in kuma za su yi kuka su faɗi abin da su ke so a gajarce, ba da zagi ba. Mu tun daga ran nan haka mu ke koyar da shi.

Da za mu komo makaranta muka je sallama. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ga kuɗi sun dawo, amma Suwez fa?" Ya yi murmushi, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana Afirka da yatsa, ya ja layi ya kewaye ta ta kudu. Ya ce, "Ka ga wannan? Hanyar Basko da Gama ce, mutumin Fotugal, wadda ya bi a 1497 tun ba a haƙa Suwez ba. Shekara 35 ina gaya wa yara an bar ta, ga shi na rayu na ga jirage sun koma mata. In ka je aji, ka gyara mini wannan." Muka ce to. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya nuna masa teku da idonsa, amin.