Numaket, garin da mota ke tsayawa doki ya wuce

Yau za mu je ƙasar Ingila. Akwai wani gari can ana ce da shi Numaket. Yana arewa da Landan, babban birnin ƙasar, tafiyar wajen kilomita 100. Garin ba shi da girma, amma dawakin sukuwa da ke cikinsa sun kai wajen 3000.

Na sauka garin cikin watan Oktoba, ga sanyi ga yayyafi. Da asuba ƙarar kofato ta tashe ni. Na leƙa, sai ga dawaki jere, goma, ashirin, kowane da mahayinsa. Suna da hanyarsu dabam cikin gari. Inda ta gicciye titi, motoci ne ke tsayawa sai sun wuce.

Na bi su har bayan gari, wani tudu mai suna Waren Hil. Nan ake yi musu kilisa. Filin atisayen duka ya kai wajen hekta 1000, ciyawa ce shar, ba a noma shi. Mai horon dawaki yana tsaye gefe, yana kallon gudun kowane, yana sauraren numfashinsa. Ba kullum ake sakin linzami ba. Yawancin ranaku gudu ne sannu-sannu. Gudu mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu ne a mako.

Waɗannan dawaki iri ne na musamman. Asalinsu ingarmu 3 ne da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas, shekara 300 ke nan. Ɗayansu an saye shi a Halab, ƙasar Sham, ya iso Ingila a 1704. Aka haɗa su da goɗiyoyin ƙasar. Tun 1791 ake rubuta sunan doki da na ubansa da na uwarsa cikin littafi. Wanda ba ya cikin littafin, ba a lissafa shi cikin irin, kome kyansa.

Mai irin nan yana da tsawo, nauyinsa wajen kilo 500, gudunsa ya kan wuce kilomita 60 cikin awa. Amma ƙafafunsa sirara ne. To, nan matsalar take. Tun yana shekara 2 ake sa shi sukuwa, ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A ganina an yi gaggawa. In jijiyar ƙafa ta lalace, sai ya yi watanni bai yi gudu ba. In ƙashi ya karye mummunan kari, sau da yawa kashe shi ake yi, don doki ba ya iya daɗewa kwance.

Shi ya sa da marece na ga abin da ya fi burge ni. Cikin barga, mai kula da doki ya durƙusa. Ya shafa ƙafa da tafin hannu, daga gwiwa har kofato, ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun. Zafi yake nema, ko kumburi. In wata ƙafa ta fi ƴar uwarta zafi, sai a kwarara mata ruwan sanyi, gobe doki ya huta, a kira likitan dabbobi. Sannan ya ɗaga kofato ya ƙwaƙule tsakuwa. Ya duba kwano ko doki ya cinye abincinsa. Wannan aiki ba ya cin ko dala. Kai ma mai doki ko jaki kana iya yin sa yau.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan ake ba su, sau 3 ko 4 a rana: busasshiyar ciyawa da wani hatsi ɗan uwan alkama. Tumbin doki ƙarami ne. In aka cika shi da hatsi lokaci guda, ciwon ciki zai kama shi, yana iya mutuwa.

Ran da zan tashi na shiga kasuwar gwanjo ta Tattersalls. Ana zagayawa da dukushi ɗan shekara ɗaya, ba a taɓa ɗaura masa sirdi ba. Akwai wanda kuɗinsa ke wuce miliyan 700 na sefa. Masu saye kuwa, kafin su taya, sai na ga sun sunkuya suna shafa ƙafafunsa.