Dogon Hutun Shekarar Bushiya

Baba malamin makaranta ne a Zariya, kuma ba mutum ne mai yawan bayani ba. Da aka ba da dogon hutu a 1983, sai kawai ya ce wa Inna ta haɗa kayan yara, za mu ƙasar Sakkwato gaida abokansa. Murna ta hana mu barci. Abin da ya ɓata mana rai kawai shi ne buhunan dawa da ya cusa a bayan Fijo 504 ɗinsa mai dogon baya, suka cinye wurin da ni da ƙanena muka saba miƙe ƙafa. A saman mota kuma aka ɗaure tamfol da tabarmi da gidan sauro da risho.

Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Tureta. Mun ci gyaɗa, mun yi faɗa a kan kujerar taga, ƙanwata ta yi amai, an tsaya an wanke ta. Ba a daɗe da zaɓen 6 ga Agusta ba, don haka duk garin da muka ratsa sai ka ga hoton gida da masara na jam'iyyar NPN manne a bango, rana ta fara cinye launinsa.

Da la'asar sakaliya muka wuce birnin Sakkwato muka sauka Bodinga, gidan wani abokin Baba tun na makarantar horon malamai. Ya fito ba ko takalmi yana faɗin, "Marhabin da mutanen Zazzau! Kun taho lahiya?" Da matarsa ta ce mu zamna mu sha hura, muka fara ƙunshe dariya, sai da Inna ta mintsine ni a cinya. Furar kuwa ta gero ce mai yaji, har yau ban sha irinta ba. Washegari abokin Baba ya kai mu Sifawa, ya tsaya a rana yana gaya mana cewa a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa har 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Ni hankalina na kan wani jaki da ke birgima. Amma na lura Baba, wanda ba ya cire hula a gaban kowa, ya rage murya kamar mai shiga masallaci.

Da dare su biyun suka daɗe a zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta ta ƙofa shi ne zancen shanu, da "Inna lillahi" da ake ta maimaitawa.

Shagari muke ɗoki. Garin shugaban ƙasa! Mun zaci za mu ga benaye da sojoji. Sai muka tarar da garin manoma a bakin titin da ya nufi Tambuwal, ga rumbuna, ga 'yan mata masu tallan nono. Baba ya rage gudu ya ce, "Shi ma Alhaji Shehu alli ya fara riƙewa, kamar ni." Bai tsaya ba. Ya saki kwalta ya bi wata turba cikin gonakin gero, geron ko gwiwar babba bai wuce ba, ganyensa ya nannaɗe, alhali watan Agusta ne.

A ƙarshen turbar akwai ruga, kuma a nan Baffa yake. Bafulatani ne siriri, da shi Baba ya yi ƙuruciya, kuma a hannunsa 'yan shanun Baba suke kiwo. An sha ba mu labarin garkensa, wai in sun taso ƙurarsu kan rufe rana. Abin da na gani shi ne fili mai faɗi cike da busasshen kashin shanu, da doguwar igiyar ɗaure maruƙa shimfiɗe a ƙasa, madaukanta duk wayam sai biyu ko uku. Na tambaya da ƙarfi ina shanun suka tafi. Babu wanda ya amsa mini.

Bayan gaisuwa Baffa ya sunkuyar da kai ya fara, "Malam, jar saniyarka ita ta fara, sannan..." Baba ya dafa hannunsa. "Baffan yara, ban zo lissafi ba. Ya iyali?"

Bukkokin ba za su ɗauke mu ba, saboda haka Baba ya ɗaure tamfol daga jikin mota zuwa wani gawo, muka rataya gidan sauro, Inna ta kunna risho. A wurinmu wannan ne daɗin tafiyar gaba ɗaya: warin kananzir da hayaƙin kara, kukan gyare, taurari birjik.

Can tsakar dare iska ta taso daga gabas. Tamfol ya fara bugawa, igiya ɗaya ta tsinke, fitila ta mutu, yashi ya cika mana baki. Walƙiya ta haska gawon, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, rassansa farare. Na ƙanƙame Inna ina roƙon Allah kada ruwan ya sauko. Da aka sake walƙiya sai na hango Baba da Baffa tsaye a tsakiyar fili, ba su nemi mafaka ba, hannuwansu a sama. Yayyafi ya ɗan taɓa ƙasa, ƙamshinta ya tashi, sannan iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Na ji daɗi. Na yi barci.

Sai da na girma na san abin da suke roƙo a daren, na kuma san cewa annobar bushiya ce ta ratsa garkunan Arewa a shekarar, fari kuma ya biyo bayanta har ya tsananta a 1984. Jaje Baba ya je yi, kuma dawar nan ba tsaraba ba ce. Ya ɗebe mu ne, ina jin, domin kada zuwan ya yi kama da sadaka, Baffa ya ji kunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru da safe. Matar Baffa ta kawo mana madara mai ɗumi a 'yar ƙwarya, muka shanye tas, 'ya'yanta na tsaye gefe suna kallo ba su ce uffan ba. Abin da aka tatsa ke nan a rugar ranar. Inna ta gane, shi ya sa ta juya baya tana gyara ɗankwali. Baba kuma ya sauke buhunan a bayan bukka lokacin da Baffa ya tafi alwala, ya ce mu shiga mota.

Ranar 31 ga Disamban 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A garinsa Shagari aka binne shi a Disamban 2018. Bushiya kuwa an sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Garken Baffa bai sake tashi ba. Baffa ya koma Sakkwato gadin wani shago, kuma duk shekara sai Baba ya je ya gaishe shi, har Allah ya karɓi ran Baffa.