Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Kabi ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a Birnin Kebbi da Argungu yakan haye digiri 40, dare ya raba amma bango bai huce ba, ɗaki ya zama sai ka ce tanderu. Yaro da saurayi sa iya jurewa, su ja tabarma su koma tsakar gida. Tsoho kuwa da majinyaci, zafin nan yana iya zama ajalinsu. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi da yawa suka rasu a ƙasar cikin 'yan kwanakin nan. To, mu da su duk a bakin Sahara ɗaya muke zaune.

Wannan ne ya sa mu 'ya'yan Inna muka haɗa kuɗi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka saya mata na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya, watau abin da aka fi sani da iyakwandishan. Inna tana da hawan jini, ga shekaru, likita kuma ya ce a kiyaye ta da zafi. Tana zaune a Argungu, ni ina Birnin Kebbi, tafiyar kamar kilomita 50. Da yake ni ne na fi kusa, sai kula da na'urar ya faɗo a wuyana. Na kuma san in ta mutu, ba mu da halin sayen wata a shekarar.

Kafin mutum ya kula da abu, sai ya san yadda yake aiki. Ya kai mai karatu, na'urar nan ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta kwashe zafi ne daga ɗaki ta zubar waje, kamar yadda mai kwalekwale ke kwarfe ruwa da ƙwarya. Akwai wani sinadari da masu gyara ke kira gas, yana zagayawa cikin bututun tagulla. In ya iso ɓangaren da ke cikin ɗaki sai ya zama tururi, ya shanye zafin iskar ɗakin. Daga nan kwamfireso ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, fanka ta hura, zafin ya fita, shi kuma ya koma ruwa ya sake sabon zagaye. Randar Inna ma da irin wannan hikima take sanyaya ruwa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta shi ke bushewa ya tafi da zafi. Injiniyan nan na Amurka, Willis Carrier, shi ya ƙera na'urar zamani ta farko a 1902. A ƙasashen sanyi irin su Suwidin da Norwe juya aikin suke yi, na'urar ta jawo zafi daga waje ta shigar da shi gida lokacin hunturu.

Da na gane haka, sai sauran al'amarin ya zo mini da sauƙi. Duk abin da zai toshe hanyar iska, ciki ko waje, shi ne abokin gabar na'urar. A wajenmu kuwa babban abokin gaba ƙura ce. Tun daga Nuwamba iskar hunturu ke sauke ta a kan komai, ta shiga inda allura ba ta shiga.

Saboda haka duk bayan mako biyu nakan je Argungu ran Asabar. In na gaida Inna, sai in kashe wuta daga makunni, in buɗe murfin na'urar, in zaro ragar nan mai tace ƙura. Nakan wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, in shanya a inuwa, domin rana tana lanƙwasa roba, ba na kuma mayar da ita sai ta bushe sarai. In raga ta toshe, iska ba ta wucewa sosai, bututu ya yi ta sanyi har ƙanƙara ta kama shi, na'ura tana ta kuka tana cin wuta, ɗaki kuwa yana nan da zafinsa.

Sa'an nan in zagaya bayan ɗaki wurin ɓangaren waje. Nakan share ganye da leda da gashin kaji, in zuba ruwa a hankali da buta a kan siraran ƙarafan nan har laka ta sauka. Ba a goge su da ƙarfi, don da sun lanƙwashe sun rufe hanya. Mun yi masa rumfa saboda rana, amma mun bar sarari ta kowane gefe don ya sha iska. Na kuma hana a jingina buhun shinkafa ko tabarma a jikinsa, gama in zafi ya rasa mafita, kwamfireso ne ke ƙonewa, shi ne kuwa mafi tsada a duk na'urar.

Akwai kuma ɗan tiyo mai fitar da ruwan da na'urar ke tatsa daga iska, musamman da damina. Zanzaro yana son ya yi ɗakinsa a bakinsa, in ya toshe shi sai ruwa ya koma yana ɗiga a bangon ɗaki. Tsinke ɗaya ya isa maganin wannan. Nakan duba soson da aka naɗe bututu da shi, in rana ta cinye shi in sake naɗewa. Nakan toshe ramin da bututun ya ratsa bango, saboda tsaka da ɓera. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar wuta ita ma babba ce. Mun sa sitabilaiza saboda hawa da saukar lantarki. Na koya wa jikar Inna da ke kwana tare da ita cewa in an ɗauke wuta an maido, ta dakata kamar minti 5 kafin ta kunna, ta bar lamba a kan 25, ta rufe ƙofa da taga. Mayar da ita 16 ba ya sa ta yi sauri, sai dai ya hana ta hutawa. Tun da ba kullum wutar ke samuwa ba, 'yan sa'o'in da aka samu bai kamata su tafi a kan toshasshiyar raga ba.

Amma akwai inda hannuna ke tsayawa. Ba na buɗe inda wayoyi suke, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Ba na kuma taɓa gas. Sau ɗaya a shekara, cikin Fabrairu, nakan kira mai gyara ya auna. Gas ba ya ƙarewa kamar kananzir, a rufe yake zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Wani maƙwabcinmu sau uku ana ƙara masa gas cikin bazara ɗaya yana biya, ba wanda ya nemi hujin. Ga asarar kuɗi, ga ɓarna, domin tsohon gas mai suna R22 yana cikin masu lalata rufin sararin sama da ke kare mu daga illar hasken rana, waɗanda ake janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sabon kuwa, R32, yana iya kama wuta. Mai gyara na ƙwarai huji yake fara nema.

Wata rana Inna ta ga ina wankin raga, ta ce, "Kai yaro, abin ga lafiya lau yake, mi kake nema gare shi?"

Na ce, "Inna, lafiyar ce nake tsaro."

Ta yi dariya ta ce, "Ashe ka gado mahaifinka. Shi ma bai taɓa barin ɗinkin homa sai ran su ba."

Gaskiya ta faɗa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, sa'a guda ce ta hargitsi a Matan Fada, amma masunci ya yi makonni yana duba homarsa da gorarsa kafin ranar. Kakanninmu kuma ba su jira marka ta zo kafin su yi yaɓe su gyara indararo. Ke nan kula da kaya ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Abin mamaki shi ne, da muka sami kayan zamani sai muka ajiye wannan hali. Ku duba ofisoshi da ɗakunan karatu da asibitoci, ku ƙirga na'urorin da ke maƙale a bango sun zama sheƙar tsuntsaye. Da yawansu buta ɗaya ta ruwa da rabin sa'a suka rasa. Muna jira abu ya mutu, sa'an nan mu rubuta takarda a sayo sabo.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe ku ne za a danƙa wa mabuɗan waɗannan ofisoshi, ku ne kuma za ku ɗauki nauyin tsofaffinku. Ku fara da fankar ɗakinku da firjin gidanku tun hunturu bai wuce ba. Malamaina kuma su yi mini afuwa in na ce su ɗaga kai su dubi abin da ke bisa bangon ofishinsu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.