Ranar Da Muka Fitar Da Jirgi A Dam Ɗin Zobe

Ni ɗan Sheme ne, a ƙaramar hukumar Faskari. A garinmu in ka ce "jirgi", sama yaro zai duba. Tirela da tanka masu tafiya Gusau daga Funtua mun saba da su, amma jirgin ruwa sai a littafi. Sai da karatu ya kai ni Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma sannan na taɓa kwale-kwale da hannuna.

Wata Asabar ni da abokina muka hau acaɓa zuwa dam ɗin Zobe, wanda aka tare kogin Karaduwa aka gina, aka kammala a 1983. A bakin ruwa muka tarar da masunta wajen goma sun kewaye wani jirgin katako, ga amalanken shanu an juyo da bayansa wajen ruwa. Za su kai jirgin wurin kafinta ne.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, wani ɗan yaro ne ya turo jirgin da hannu ɗaya. Amma da cikinsa ya taɓa laka, sai ya kafe kamar dutse. Nan na tuna darasin Archimedes na ajin kimiyya: ruwa ne ke tallafe nauyin abin da ke kansa. Da ka raba jirgi da ruwa, nauyin ya dawo wuyanka.

Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, kallo ba ya fitar da jirgi. Zo ka kama."

Na ce, "To, Baba." Na tuɓe takalma.

Aikin yana da tsari. Aka fara kwashe ruwan ciki da kwano, aka fitar da raga da filafili. Aka ɗaura igiya a goshin jirgin, aka jera gumaguman itace a ƙarƙashinsa don ya gangara a kansu. Aka kwance shanun, aka tokare tayoyin amalanke da duwatsu, aka shimfiɗa tsofaffin tayoyi a kai. Dattijon ya hana kowa tsayawa a bayan jirgin, domin in igiya ta tsinke, kan mutum zai dawo. Kuma murya ɗaya ake bi, tasa.

Ni kuwa garin nuna ƙarfi na ja kafin ya ce "uku". Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin taɓo, kowa na dariya. Baba ya ce, "Ɗana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." A ja na huɗu jirgin ya hau, aka ɗaure shi gaba da baya.

A Turai da Amurka akwai jiragen da iska ke turawa, masu wani dogon ƙarfe mai nauyi a ƙasansu da ke hana su kifewa. Wasu daga cikinsu sai an tura tirela cikin ruwa har ta shige ƙarƙashinsu. Namu cikinsa a shimfiɗe yake, igiya da itace sun isa.

Da jirgin ya hau sama ne muka ga dalilin wahalar. Ƙarƙashin gansakuka, wani katako ya ruɓe har yatsa na lotsa shi. Kafinta zai sauya shi, ya cusa auduga a tsagogi, ya liƙe da kwalta. Mai jirgin zai yi kwanaki ba su, ba kuɗin cefane. Na tambayi Baba ko ba za a bari sai bayan kasuwa ba. Ya ce, "Ruwa ba ya yi wa mutum sallama kafin ya shigo."

Maganar ta tuna mini 30 ga Nuwamba, 2021, ranar da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma rahotanni sun ce lodi ya yi wa jirgin yawa. Allah Ya jiƙansu.

Ƙannena, duk ranar da tafiya ta kai ku bakin ruwa, ku dubi cikin jirgi kafin ku taka. In ruwa na tsattsafowa, ko mutane sun yi yawa, ku jira sahu na gaba, kuma ku tambayi rigar kariya. Ni dai na koma makaranta da wando duk laka, da kuma tarwaɗa biyu da Baba ya ce ladan faɗuwata ne.