Tsani a Kan Babur: Daga Titiru Zuwa Jugu

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Titiru ta birnin Paraku cikin watan Disamba ba ya bukatar a bayyana masa abin da ake kira ƙurar hunturu. Da asuba za ka share daɓe, kafin hantsi ya ɗaga ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Ga iska mai busowa daga arewa, ga manyan motocin auduga suna tayar da jar ƙasa. Mu malaman makaranta wannan ƙura ba ta jawo mana komai sai tari da mura. Amma akwai waɗansu samari da ita ce gonarsu, watau masu wanke gilashin tagogi, kuma a kansu ne muke so mu ɗan yi hira da mai karatu a wannan wata.

Lokacin da muke yara babu wannan sana'a a Paraku, domin kuwa babu abin wankewa. Tagogin gidaje na katako ne ko na ƙarfe. Garin ya shahara ne da tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano ya tsaya tun shekarar 1936, sai kuma kasuwar Arzeke, wadda duk Bahaushen da ya ji sunanta sai ya tuna da arziki. Amma fa gari ya canza. An buɗe jami'a a shekarar 2001, ƙidayar 2013 ta nuna mutanen Paraku sun haura 250,000, bankuna da otal-otal da kantunan sayar da magani da na wayar hannu suka yi ta tashi, kowanne da fuskar gilashi tun daga ƙasa har sama. To, wanda ya yi gilashi a ƙasar hunturu ai ya ɗauki ma'aikaci ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Cikin waɗannan samari akwai wani tsohon ɗalibinmu, wanda muka koyar a aji biyar. Yaro ne mai ladabi, karatu ya tsaya masa bayan rasuwar mahaifinsa, ya ƙi zaman banza. Jarinsa duka bai wuce tsani ɗaya na ƙarfe ba, da bokiti biyu, da jarka biyu, da tsummoki, da robar sharce ruwa mai dogon hannu, sai kuma babur ƙirar Bajaj da ya saya na hannu. Aikin kansa ya iya shi ƙwarai. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda zai kai waɗannan kaya wurin aiki.

Da farko a gicciye yake ɗaure tsanin a bayan babur, ya tamke shi da robar tsohuwar taya. In ya taho sai ka ce shirwa ta buɗe fukafukai, kowa na kaucewa. Da ya ga ana yawan zaginsa sai ya koma ɗaure shi a tsaye ta gefe, rabi a gaba rabi a baya. Daga bisani ya je wurin wani mai walda, aka haɗa masa 'yar kura da ƙafafun tsohon keke, aka ƙulla ta a bayan babur da sarƙa. Ranar da ya fara jan ta sai da ya biyo ta ƙofar makarantarmu don mu gani. Ya ce, "Malam, kun ga motata? Yanzu na huta." Muka yi dariya, muka sa masa albarka, ba mu kawo komai a rai ba. Wannan sakaci namu ne, kuma mun yarda.

Ba a yi wata guda ba sai abin ya faru a idonmu. An tashi yara da tsakar rana, ya zo zai karya kwana. Shi ya wuce lafiya, baburinsa ma ya wuce, amma wutsiyar tsanin ta yi shara ta bugi wata yarinya 'yar aji uku a kafaɗa, ta faɗi cikin kwata. Allah ya taƙaita, buguwa ce kawai da kurjewa, amma da ta fi haka gajarta da ɗan taƙi, da a kai ya same ta. Mun ga yadda jikin saurayin nan yake rawa, ya ma kasa ba da haƙuri.

A daren nan muka zaunar da shi a ƙofar gida, muka yi masa lissafi irin na aji. Babur tsawonsa wajen mita 2 ne, tsaninsa kuwa mita 4. Duk yadda aka ɗaure shi, akwai mita 2 da suka fita waje, waɗanda mai tuƙi ba ya ganin aƙalla rabinsu. In kan babur ya juya dama, wutsiya hagu za ta nufa. Ruwa lita 25 nauyinsa kilo 25 ne, jarka biyu kilo 50 ke nan, nauyin babban yaro. In jarka ba ta cika ba ruwan yana tangaɗi, ya riƙa fizgar babur. Ita kuma kurar ba ta da birki, ba ta da fitila, saboda haka in ya tsaya farat ɗaya ita ba ta san an tsaya ba, sai ta tunkuɗo shi. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai duk garin haka ake yi." Muka ce, "Ɗana, gaskiya ne, amma duk garin ba su ne suka buge yarinyar nan ba."

Sa'an nan ga maganar doka, wadda yanzu ba ta da wasa. A ranar 1 ga Maris 2024 'yan sandan ƙasa, waɗanda aka haɗe su da jandarmomi suka zama runduna ɗaya tun 2018, suka fara kamen masu karya dokar hanya a ko'ina cikin Benin. Hular kwano ta zama tilas ga mai tuƙi da wanda aka goya, ana duba lambar babur, ana duba lodi. Tarar ta fara ne daga sefa 10,000, daga baya aka rage ta zuwa 5,000. Ga mai wanke gilashi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle a ce an tafi da babur ya kwana a ofis, aiki ya wuce shi.

Akwai kuma abin da yawancin samarin nan ba su taɓa ji ba. Benin tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar inshora ta CIMA a birnin Yawunde a shekarar 1992, kuma dokar nan ta wajabta inshorar biyan diyya a kan duk abin hawa mai inji, har da abin da yake ja a bayansa. To, kurar da mai walda ya haɗa a bakin titi, ba takarda, ba shaida, ran da ta karya ƙafar wani, wa zai biya? Mai ita ne zai sayar da babur, wataƙila har da tsanin. Har wa yau, yarjejeniyar duniya kan zirga-zirgar hanya da aka yi a birnin Biyana a 1968 ta ce duk kayan da suka zarce gaban mota ko bayanta da fiye da mita 1 dole a sa musu alama, da dare kuwa a sa farar fitila a gaba, ja a baya. Wannan ba wani sabon ilimi ba ne, domin tsofaffin direbobinmu masu ɗaukar rodi da katako sun daɗe suna ɗaura jan ƙyalle.

Amma abin da ya fi ci wa yaron rai ba doka ba ce. Ya faɗa mana cewa akwai wani babban kanti da ya yi wata uku yana nema, ranar da aka ce ya zo, maigadi ya hango shi da kura tana ƙara, tsummoki na reto, sai ya ɗauka mai sayen gwangwani ne, ya kore shi tun daga bakin ƙofa. Aka ba wani mai tsabtatacciyar riga aikin, alhali kuwa bai kai shi iyawa ba. Ya ce wannan zalunci ne. Mu kuwa muka ce a'a. Mutumin da zai bar ka ka jingina tsanin ƙarfe a jikin gilashin da ya kashe wa miliyoyi, da me zai auna hankalinka in ba da yadda ka iso ba? Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Ana cikin haka hutun ƙarshen shekara ya zo, muka shirya zuwa Jugu gaida 'yan'uwa da abokan da muka yi makarantar horon malamai tare a can. Sai ga shi ya sami aikin wanke wani sabon bene a garin, yana shirin jan kurarsa kilomita wajen 135. Muka ce sam. Muka biya masa kuɗin mota, aka ɗaure tsanin a rufi, muka tafi tare. Da muka haye gadar kogin Weme a Beteru, wata babbar motar auduga ta gifta mu, iskarta ta girgiza motar da muke ciki. Ya dube mu, muka dube shi, babu wanda ya ce uffan. Gani ya kori ji.

Jugu gari ne da ya san kaya da ɗaurin kaya tun kafin a ƙera babur. Nan ne zangon fataken da ke tasowa daga Kano da Sakkwato su nufi Gwanja sayen goro, su kai kanwa da tufafi da fatu, kuma har gobe unguwannin tsohon garin suna ɗauke da jikokin waɗannan matafiya. Wani dattijo da muka sauka a gidansa, da ya ji labarin kurar, sai ya yi murmushi ya ce a wurin kakanninsu ba a sanin falke da yawan kayansa, sai da ɗaurinsa. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, kuma wanda kayansa suka karkace a kan jaki shi ne zai tsayar da mutum ɗari a daji. Ya juya wurin yaron ya ce, "Jikana, jakinka na ƙarfe ne, amma hanya ba taka ce kai kaɗai ba."

A hanyar dawowa muka tuna masa da misalin da yake gani kullum, watau 'yan zemijan. Su ma da dabara suka faro. A Porto-Novo aka soma, masu keke suna ɗaukar mata 'yan kasuwa da kwandunan kafa, sa'an nan cikin shekarun 1980, da aiki ya yi wuya a ƙasa, aka koma babur. Sunan ma da harshen Fon ne, ma'anarsa ɗauke ni da sauri. Da farko kallon 'yan buga-buga ake yi musu. Abin da ya ɗaga su shi ne tsari: suka kafa ƙungiyoyi, kowane gari ya sami launin rigarsa, kamar ruwan ɗorawa a Kwatano, aka buga wa kowa lamba a baya. Yau mace takan ɗora ɗanta a bayan mutumin da ba ta taɓa gani ba, don kawai ta ga riga da lamba, ta san akwai inda za a nemo shi. Riga ba ta ƙara wa kowa iya tuƙi, amma tana cewa ga ni, ba gudu zan yi ba.

Ba mu ce a hana samarin nan neman abinci ba, kuma ba mu raina mai walda ba, domin da irin dabararsa talaka yake rayuwa a ƙasar nan. Mun ga yadda aka tashi masu sana'a daga bakin titi a farkon shekarar 2017, mun san wahalar da mutane suka sha kafin su farfaɗo. Abin da muke cewa shi ne gara su gyara da kansu tun kafin a gyara su da tara. Su haɗu ko da mutum goma ne, su yi adashi. Wanda ya ɗauka ya sayi tsani mai naɗewa, wanda in an tattara shi ba ya wuce tsawon babur. A daina yawo da ruwa in akwai famfo a wurin aiki, a yi ciniki da mai gida tun farko. In adashi ya yi ƙarfi a sayi babur mai ƙafa uku, mai takardu da inshora, a riƙa amfani da shi bi da bi. A ɗinka riga iri ɗaya, a je ofishin magajin gari a nemi shaida. Hukuma kuma muna roƙonta, musamman cibiyar kiyaye haɗarin hanya ta CNSR, ta riƙa bayyana waɗannan dokoki a rediyo da Dandanci da Barganci da Hausa da Fulatanci, domin ba kowa ne ke karanta Faransanci ba. Su ma masu kantuna da nasu: wanda yake son ma'aikaci ya zo masa cikin tsari, to, ya biya kuɗin da zai isa a yi tsarin.

Shi dai ɗalibin namu ya kwance kurar, ya sayar wa wata mai tallar ruwa da take tura ta da hannu, inda ba ta da haɗari ga kowa. Ya cika kuɗi ya sayi tsani mai naɗewa, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya ɗinka riga shuɗiya. Babban kantin nan bai samu ba har yanzu, amma ya sami kantunan magani biyu. Kowace safiya yakan bi ta ƙofar makarantarmu, ya rage gudu sosai, ya ɗaga hannu. Yarinyar nan tana aji huɗu yanzu, ita ce ma take fara gaishe shi.

Jama'a, in kuna da ɗa ko ƙane mai irin wannan sana'a, ko mai sa gilashi, ko mai gyaran wuta, ku fito gobe da safe ku dubi yadda ya ɗaure kayansa kafin ya tashi. Kada ku yi irin sakacinmu, ku yi dariya ku sa albarka kawai. Allah ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a wata mai zuwa.