Tsatsa da Tsaga a Gindin Jirgin Ruwa

Mu mutanen Zangon Yeji ba masunta ba ne tun asali. Kakanninmu fatake ne, da jakuna suka biyo hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tabkin Volta ya cika ya cinye tsohon garin, sai muka wayi gari ga mu a bakin babban ruwa, ko muna so ko ba ma so. Yau matanmu jirgi suke shiga su je sayen bandar kifi, 'yan kasuwarmu a jirgi suke ɗora doya da shanu, ɗalibanmu da dama kuma ta ruwa suke komawa gida idan an yi hutu. To, tunda haka Allah ya yi da mu, ya kamata mu san abin da ke riƙe da katakon da muke zama a kansa.

Yawancinmu idan mun sauka bakin ruwa ranar kasuwa, fenti muke dubawa, da rubutun da ke jikin jirgi, da ƙarar injin Yamaha. Wanda ya fi ƙyalli shi ke cika da wuri. Alhali kuwa ƙarfin jirgi yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, a jikin katakon nan mai kauri da ya miƙe a tsakiyar gindinsa tun daga goshi har baya, wanda haƙarƙarin jirgin duka ke kafe a kansa. Bari mu kira shi ƙashin bayan jirgi, don aikinsa ke nan.

Tabkinmu yana da wani mugun hali da kowa ya sani. Lokacin da ruwa ya malale daji ba a sare itatuwa ba, suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yanzu. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kawunansu sai su matso kusa da sama. Wani karon jirgi ya buga kututture ya fashe nan take, kamar yadda ya sha faruwa har aka rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma karon da ya fi yawa shi ne wanda ake jin "gum", mata su yi salati, direba ya duba ya ga ruwa bai shigo ba, a ci gaba da tafiya. Wannan shi ne abin tsoro, domin an bar tsaga a ƙasa ba wanda ya gan ta.

Kada mu ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Turawa suna da jiragen shaƙatawa masu ƙyalle waɗanda iska ke turawa. Irin waɗannan akan rataya musu wani faffaɗan ƙarfe ko darma mai nauyin gaske a gindi, a ɗaure shi da manyan ƙusoshi masu noti, don kada iska ta kifar da jirgin. A watan Mayu na 2014 wani irin wannan jirgi mai suna Cheeki Rafiki yana komawa Ingila daga tsibirin Antigua, ƙarfen gindinsa ya cire a tsakiyar tekun Atlantika, ya kife, mutum 4 da ke ciki duka suka halaka. Masu bincike sun gano cewa jirgin ya taɓa bugun ƙasa a baya, kuma suna ganin mai yiwuwa wannan ne ya raunana wurin da aka ɗaure ƙarfen. Jirgin masu kuɗi ke nan fa, a ƙasar da ke da injiniyoyi birjik.

Mu malaman makaranta duk shekara muna koya wa yara tsatsa, yadda aka koya mana a kwalejin horon malamai. Ƙusa 3, kwalba 3: ɗaya a ruwa a buɗe, ɗaya a tafasasshen ruwa da aka rufe samansa da mai, ɗaya a busasshiyar kwalba a toshe. Bayan mako guda ta farko ce kaɗai ke yin ja. Yara su rubuta cewa tsatsa tana bukatar ruwa da iska, su ci jarrabawa, shi ke nan. Abin da littafin bai cika faɗa ba shi ne tsatsa kumbura take yi. Tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga cikinsa, saboda haka ƙusar da ta yi tsatsa a cikin katako tana tura shi ta ciki har ya tsage, ita kanta kuma tana sirancewa a tsakiya. Katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi. Ruwan gishiri ya fi saurin cin ƙarfe, namu na tabki kuwa ya fi ruɓar da katako, don haka mu ta gefe biyu ake cin mu.

Kafintocin jirgi na bakin ruwanmu ba su yi wannan darasi a aji ba, amma idan ka tsaya ka kalli gwani daga cikinsu yana duba jirgi, sai ka ga ya fi mu iya karanta shi. Da farko sai an jawo jirgin tudu an jingine shi a kan gungume, an kankare gansakuka da laka, an bar shi ya sha rana kwana biyu ko uku. Ko'ina zai bushe, amma wurin da ruwa ya shige ciki zai ci gaba da tsattsafowa, wani lokaci da jan layi yana gangarowa kamar hawaye. Jan layin nan daga ƙusa yake, ba daga fenti ba. Sai ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi ƙashin bayan yana ƙwanƙwasawa taki-taki. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun gari. Inda ya yi shakka ya soka tsinin wuƙa. Bayan haka ya zare ƙusa ɗaya ko biyu daga wurin da ya fi zargi, don kan ƙusa yana iya zama lafiya lau alhali cikinta ya koma kamar tsinken tsire.

Ita ma tsagar iri-iri ce. Wadda ta bi tsawon katako, siririya, sau da yawa bushewa ce ta kawo ta, ana cusa mata auduga a bi da kwalta mai zafi, idan jirgi ya koma ruwa katako ya kumbura ta rufe. Wadda ta gitta katakon ta faɗinsa kuwa karaya ce, alamar an bugi wani abu. Idan mutum biyu suka hau jirgin suka girgiza shi ka ga bakinta yana buɗewa yana rufewa, to kwalta ba za ta yi maganinta ba ko da an zuba tulu guda.

Gyaran gaskiya shi ne a yanke duk inda ya ruɓe har a tarar da katako mai rai, a sassaƙo sabo, a haɗa su da doguwar yanka a karkace, tsawonta kamar ninki 8 na kaurin katakon ko fiye, don nauyi ya bazu kada ya taru wuri ɗaya. A sa ƙusoshin galbanais, ba irin na rufin ɗaki ba. Inda kuma akwai ƙarfe, kamar maɗaurin inji, ƙa'idar ɗaya ce da ta masu jiragen ƙyalle: a gurje tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa fentin kariya a ranar, domin ƙarfen da aka gurje idan ya kwana a raɓa da safe ya sake yin ja. Fenti a kan tsatsa ba ya tsayar da ita, ɓoye ta kawai yake yi.

Mun san dalilin da ya sa masu jirage ke gudun wannan aiki, kuma ba duka ne mugunta ba. Jirgin da ke tudu ba ya kawo ko sidi ɗaya, ga kuɗin katako, ga na kafinta, ga yaran jirgi da ke jiran abinci. Amma mun ga mai jirgin da kafinta ya nuna masa karaya ƙiri-ƙiri, ya ce a lafta kwalta a bi da shuɗin fenti, sai bayan kasuwa. Kasuwa ta wuce, wata ta zo, jirgin yana ta lodi, 'ya'yanmu na ciki.

A cikin masu jiragen nan akwai 'yan Zango, muna haɗuwa da su a wurin suna da ɗaurin aure. Ba laifi ba ne mu tambaye su, cikin girmamawa, yaushe rabon da a jawo jirginsu tudu. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne da hunturu, sa'ad da katako ke saurin bushewa, tun kafin ruwa ya ja baya sosai kututtura su matso sama.