Zuwa ga Ummi, a kan ƙwaron da ya harbe ki

Ummina,

 

Mamanki ta ba ni labarin abin da ya faru a lambu ranar Asabar. Ta ce kin ɗaga bulo kusa da rijiya, kika ga wani ƙwaro mai ruwan ɗorawa da baƙi, kika kai hannu, sai kika ji "fat!", ɗan hayaƙi ya tashi, yatsanki ya ɗauki zafi. Da gari ya waye wurin ya rine kamar an ƙunsa miki lalle, kina ta kuka wai ba zai goge ba. Kwantar da hankalinki, 'yata, zai goge da kansa yadda lalle yake gogewa. Kukanki ya taɓa ni, amma na kuma yi murna, domin kin gamu da halittar da nake ƙauna tun ina ɗalibi. Ni ƙwaro maharbi nake ce masa.

In kin sake ganinsa, ki tsuguna gefe ki dube shi da kyau. Jikinsa kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, kuma dogayen ƙafafunsa shida duk a ƙirji suke. Fukafukansa na sama suna da tauri kamar ɓawon gyaɗa, amma ba su rufe shi har ƙarshe ba. Sai ka ce an datse su da almakashi, ƙarshen cikin ya leƙo waje. To, nan bindigar take.

A can ciki yana da jaka biyu, dama da hagu, kowacce da ɗaki biyu. Ɗakin farko mai laushi ne kamar salka, a nan yake ajiye ruwan sinadarai iri biyu. Ɗaya kin san shi. Kin tuna ranar da kika faɗi a keke, aka zuba miki haidirojin a gwiwa ya yi ta kumfa? Shi ne. Sai dai na asibiti ƙarfinsa kamar kashi 3 ne cikin 100, na ƙwaron nan kuwa ya kai kashi 25. Ɗayan sinadarin sunansa haidirokwinon. Suna zaune tare a salka lafiya lau, ba abin da ke faruwa.

Ɗaki na biyu ƙarami ne, bangonsa da kauri kamar tukunyar ƙarfe, kuma tsakaninsa da salkar akwai 'yar ƙofa. A cikinsa akwai abin da ke zuga sinadaran nan, irin wanda yake cikin jininki, wanda ya sa haidirojin kumfa a gwiwarki. Da kin taɓa ƙafar ƙwaron sai ya matse salkar, ɗigo ya shiga tukunya, nan take ya tafasa, zafinsa ya kai digiri 100, daidai da ruwan shayin da ke kan wuta. Tururin ya tura ƙofar ta rufe, saboda haka ba shi da mafita sai waje. Da ya fita ƙofa ta sake buɗewa, wani ɗigon ya shigo. Haka yake yi har kusan sau 500 a daƙiƙa ɗaya. Ke kunnenki "fat" guda ya ji, alhali harbi ne a jere. Da a lokaci ɗaya ya haɗa duka, da shi ma ya dafu. A 2015 masana a Amurka suka haska cikin ƙwaron da ransa da hoton asibiti mai ƙarfin gaske, suka ga ƙofar nan tana buɗewa tana rufewa. Duk sanda na tuna cewa wannan aiki duka yana cikin jikin da bai kai gaɓar yatsanki ba, sai in ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Kuma ba ya kuskure. Wani malami, Thomas Eisner na Jami'ar Cornell, shi da abokin aikinsa sun fitar da hotuna a 1999 na wani irinsa daga Kenya mai suna Stenaptinus insignis. Duk ƙafar da suka tsunkula, sai ya lanƙwasa ƙarshen cikinsa ya harbi wurin, har ta saman bayansa.

Kin tambayi mamanki ko yana da 'yan uwa. Yana da su, kuma masana sun jera su yadda muke jera dangi. Babbar ƙabilarsu ita ce ta ƙwari masu taurin fukafuki, ta su buzuzu. A cikinta akwai zuriyar da ake kira Carabidae, masu farauta a ƙasa da dare, kusan iri 40,000. Maharba a cikinsu sun haura iri 500, a gida huɗu, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. Naki, bisa launin da mamanki ta kwatanta, ɗan gidan Brachinini ne, daga ɗakin Pheropsophus, waɗanda suka yawaita a ƙasashe masu zafi irin tamu. Gida biyu, Ozaenini da Metriini, sai kin ƙara girma.

Gidan Paussini ne nake so ki sani. In kin ga ɗansu ba za ki ce ɗan uwan naki ba ne. Ƙahonninsa masu kauri ne kamar kulki, kuma a cikin gidan tururuwa yake zama, yana cin 'ya'yanta, ita kuwa tana lasar wani ruwa da jikinsa ke fitarwa, ba ta korarsa. Kamarsu ta sha bamban, amma da aka buɗe cikinsu sai ga salka da tukunya iri ɗaya. Shi ya sa mai nazarin ƙwari ba ya tsayawa a launi, sai ya leƙa ciki.

Ga labarin da za ki ba ƙannenki. A Japan, a 2018, an bar kwaɗi suka haɗiye 'yan uwan ƙwaronki. Sai aka ji harbi daga cikin kwaɗon. Kashi 43 cikin 100 na kwaɗin suka amayar da su, wani bayan minti 12, wani bayan minti 107, kuma kowanne ya fito da ransa.

Kusa da rijiya kika same shi domin danshi yake so. 'Ya'yan wasu daga cikinsu ƙwan gyare mai tona ƙasa suke ci, shi kuwa gyaren nan ɓarna yake yi wa saiwar shuka. Don haka kada ku kashe shi, kuma ki hana ƙannenki ɗaukarsa. In ya sake harbin wani, a wanke wurin da ruwa mai yawa, kada hannun ya kai ido.

Ki zana mini shi a littafinki yadda kika gan shi, har da datsattsun fukafukan. In na dawo, in sha Allahu, za mu ɗauki tocila bayan isha'i mu je bakin rijiyar tare. Ki gaishe mini da mamanki.

Naki,
Abba